Tsauni da Dutse Mai Aman Wuta: Ina Suka Haɗu, Ina Suka Rabu?

Iyayenmu da ke zaune a zaure, iyayenmu mata da ke madafa, direbobin da ke kan hanya, da ɗaliban da suka ajiye littafi suka matso kusa da akwatin rediyo, duk ina yi muku sallama.

Yau zancen duwatsu za mu yi.

A nahiyarmu ta Afirka, tsaunin da ya fi kowanne tsayi shi ne Kilimanjaro, a ƙasar Tanzaniya. Tsayinsa mita 5,895. A duniya baki ɗaya kuwa, Eberest ne kan gaba, can kan iyakar Nepal da ƙasar Sin. Shi kuma mita 8,849. Dukansu dogaye ne. Dukansu da ƙanƙara a ka. Wanda ya ga hotonsu zai ce ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. To amma ɗaya daga cikinsu dutse ne mai aman wuta, ɗayan kuwa bai taɓa amayar da ko ƙwayar tsakuwa ba. Kilimanjaro ne mai aman wutar. Eberest ba ruwansa.

Me ya raba su? Hanyar da kowannensu ya bi ya tashi. Ku riƙe wannan, domin a kansa za mu yi ta dawowa. Idan kun ga tsauni, tsayinsa ba zai gaya muku asalinsa ba. Tambayar da za ku yi ita ce: ta yaya ya tashi? Ta yaya ya tashi?

Za mu fara da yadda ake haihuwar dutse mai aman wuta. Daga nan mu duba tsaunukan da ba su da wannan hali. Sannan mu ga inda danginsu ya haɗu. A ƙarshe mu zo kan abin da ya fi damuna, wato aman wutar da ba shi da tsauni ko kaɗan.

To, kashi na farko. Ku biyo ni zuwa ƙasar Meziko, jihar Michoacan, wani ƙauye da ake kira Paricutin.

Shekarar 1943 ce, watan Fabrairu. Makonni kafin ranar, mutanen ƙauyen suna jin rugugi irin na tsawa, alhali sama tangaran, babu hadari. Rugugin daga ƙarƙashin ƙafafunsu yake tasowa. Ranar 20 ga wata da la'asar, wani manomi mai suna Dionisio Pulido yana sharar gonarsa ta masara, yana ƙone ciyayi domin shirin shuka. Sai ƙasa ta kumbura a gabansa. Ta tsage. Huci ya fara fita daga tsagar, da ƙura, da warin farar wuta. Da dare ya yi, tsagar nan tana cilla jajayen duwatsu sama, suna faɗowa a gefen ramin, suna taruwa.

Kafin a yi kwana ɗaya cur, tarin ya kai kimanin mita 50. Cikin mako guda ya wuce mita 100. Haka ya yi ta yi har shekara tara. Da ya lafa a 1952, tsayinsa daga gindi ya kai mita 424. Narkakken dutsen da ya kwararo ya binne ƙauyen Paricutin da wani gari na kusa, San Juan Parangaricutiro. An kwashe mutanen da ransu, domin kwararar a hankali take tafiya. Har yau wanda ya je wurin zai ga hasumiyar cocin garin ta leƙo daga cikin baƙin dutse, sauran garin yana ƙasa.

Jama'a, ku lura da abin da ya faru a gonar nan. Da safe fili ne. Babu tsauni, babu tudu. Abin da ya fara bayyana rami ne. Tsaunin daga baya ya zo.

In kuna son ganin wannan da idonku, ku fita tsakar gida bayan an ɗauke ruwan sama, ku durƙusa ku duba ramin tururuwa. Kowace tururuwa tana fitowa da ƙwayar ƙasa a baki, ta ajiye a bakin ramin, ta koma. Wata ta fito, ta ajiye. Kafin azahar, ga ɗan tudu ya kewaye ramin, gefensa a gangare, tsakiyarsa a loɓe. Ramin ne asali. Tudun kuwa, abin da aka fitar ne ya taru. Haka dutse mai aman wuta yake. Asalinsa ƙofa ce a jikin ƙasa. Tsaunin da kuke gani, tarin abin da ya fito ta ƙofar ne.

Me ke fitowa? Abu uku. Na farko narkakken dutse. Yayin da yake can ƙarƙashin ƙasa, masana suna kiransa magma. Idan ya fito fili yana malala, sai su ce laba. Zafinsa yakan kama daga digiri 700 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyos. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, sai ku auna. Na biyu toka. Amma ba tokar murhu ba ce. Dutse ne ya farfashe ya zama gari, mai kaifi, mai nauyi, in ya taru a kan rufi ya sha ruwan sama sai ya rushe ɗaki. Na uku iska, wato tururin ruwa da wasu iskoki masu guba. Babu itace da ke ci a ciki, babu gawayi. Jan da ake gani, dutse ne ya yi zafi har ya yi jajawur.

Kaurin wannan narkakken dutse shi ke yanke siffar tsaunin. In tsararo ne, sai ya malala nesa kafin ya daskare, a sami tsauni mai faɗi, mai gangare a hankali. Irinsu ne a tsibiran Hawai. In kuma mai kauri ne, ba ya nisa, kuma yakan toshe ƙofar, iska ta taru a ƙasa har ta fashe da ƙarfi. Sai a sami tsauni mai tsini, shimfiɗar laba a kan shimfiɗar toka, kamar Fuji na ƙasar Japan. A Hawai akwai Mauna Kea. Abin da ya fito saman ruwa mita 4,207 ne. Amma in aka auna shi tun daga gindinsa a ƙasan teku, ya kai kimanin mita 10,000, ya zarce Eberest. Duk wannan tari ne na abin da ya fito ta ƙofa.

Ke nan dutse mai aman wuta shi ke gina kansa, daga ciki zuwa waje.

Yanzu kashi na biyu: tsaunukan da ba su taɓa amai ba. Su fa, wa ya ɗaga su?

A nan sai mun leƙa ƙarƙashin ƙafafunmu. Wannan ƙasa da muke takawa ɓawo ce. A ƙarƙashin nahiyoyi kaurin ɓawon yakan kai kilomita 30 zuwa 50. A ƙarƙashin teku bai fi 5 zuwa 10 ba. Kuma ɓawon ba guda ɗaya ba ne. A tsattsage yake, manya-manyan ɓangarori, waɗanda masana ke kira farantai. Farantan nan suna tafiya. Tafiyar ba ta wuce 'yan santimitoci a shekara ba, shi ya sa ba ma ji. Amma tafiya ce da ba ta tsayawa, shekara miliyan bayan shekara miliyan.

Ƙasar Indiya a da can nesa take, a kudu, teku ya raba ta da Asiya. Ta yi ta matsowa arewa. Kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, ta yi karo da Asiya. Babu wanda ya kauce. Duwatsun da ke tsakaninsu suka matsu, suka lanƙwashe, suka naɗe, wasu suka hau kan wasu, suka yi sama. Abin da ya haifi tsaunukan Himalaya ke nan.

Ga shaida mai ban mamaki. Dutsen da ke ƙololuwar Eberest irin wanda ake yin siminti da shi ne, kuma a ƙasan teku irin wannan dutse yake samuwa. A cikinsa akwai ragowar ƙananan halittun ruwa da suka daskare suka zama dutse. Ku ji fa. Wuri mafi tsayi a doron duniya, a da ƙasan teku ne. Ikon Allah! Kuma har gobe Indiya tana turi, Himalaya yana ƙara 'yan milimitoci kowace shekara. Tsaunukan Alps na Turai da na Atlas a Maroko duk ta irin wannan matsi suka tashi.

Wata hanyar kuma, ɓawon ƙasa ya karye, wani ɓangare ya faɗa, wani ya ɗago. Haka Ruwenzori ya samu, a kan iyakar Uganda da Kwango. Tsayinsa mita 5,109, shi ne na uku a Afirka. Na ɗaya da na biyu, Kilimanjaro da Dutsen Kenya, aman wuta ne ya gina su. Na ukun kuwa gungumen tsohon dutse ne da aka ɗaga.

Sai kuma irin namu na gida. Direban da ya taso daga Kaduna zai shiga Abuja, ya san inda Dutsen Zuma yake tare masa ido, wanda aka sa hotonsa a takardar naira 100. Mutanen Zariya sun san Kufena. Mutanen Zamfara sun san Kwatarkwashi. Sau da yawa yara sukan tambaya, wai waɗannan za su iya yin aman wuta wata rana? Amsa ita ce a'a. Ku kwantar da hankalinku. Waɗannan ba su da ƙofa. Gaskiya ne asalinsu narkakken dutse ne, amma bai taɓa isowa fili ba. Can cikin ƙasa ya tsaya, ya huce sannu a hankali, ya zama dutse mai tsananin tauri, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Da yawa daga cikinsu sun haura shekara miliyan 500. Ruwan sama da iska suka yi ta cin ƙasa mai laushi da ta lulluɓe su, suna kwashewa, har mai taurin ya rage a tsaye shi kaɗai. Su ba tashi suka yi ba. Abin da ke kewaye da su ne ya zaizaye.

Ta yaya ya tashi? Kun ga amsoshin sun fara yawa. Wani tara kansa ya yi. Wani matse shi aka yi. Wani ɗaga shi aka yi. Wani kuma saura ne.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan tsauni da dutse mai aman wuta. Mun shigo kashi na uku: ina danginsu ya haɗu?

Ya haɗu a wurin farantan nan. Tafiyar da ke naɗe duwatsu ita ce kuma take narkar da su. Amma ba ko'ina ba. Mutane da yawa suna zaton ƙarƙashin ɓawon ƙasa duk tafkin wuta ne. Ba haka ba ne. Mafi yawan abin da ke ƙasa dutse ne mai zafi, amma a daskare yake, saboda nauyin da ke danne shi. Sai an sami dalili yake narkewa.

Bari mu gwada Himalaya da tsaunukan Andes na Kudancin Amurka. Dukansu karo ne ya haife su. Andes cike yake da duwatsu masu aman wuta. A can ne ma mafi tsayinsu a duniya yake, Ojos del Salado, mita 6,893, kan iyakar Chile da Ajantina. Manyan ƙololuwan Himalaya kuwa babu mai amai a cikinsu. Me ya sa?

Ku saurara da kyau, domin nan ne zuciyar zancen. A Andes, farantin ƙasan teku ne ya yi karo da farantin nahiya. Na teku ya fi nauyi, sai ya sunkuya ya nutse ƙarƙashin na nahiya. Yana nutsewa ɗauke da ruwa a jikinsa, ruwan da ya shiga cikin duwatsunsa tsawon zamanin da ya yi a ƙasan teku. Idan ya kai zurfin kimanin kilomita 100, zafi da matsi su tatse ruwan, ya hau cikin dutse mai zafi da ke samansa. Shi kuma dutse in ruwa ya shige shi, ya fi saurin narkewa. Sai magma ta samu. Da yake ta fi dutsen da ke kewaye da ita rashin nauyi, sai ta yi ta neman hanya sama. A wuri guda, gefen nahiyar yana naɗewa yana tashi, ƙofofi kuma suna buɗewa a kansa. Tsauni da aman wuta, uwa ɗaya uba ɗaya.

A Himalaya fa? Nahiya ce ta yi karo da nahiya. Dukansu marasa nauyi ne, babu mai nutsewa can ƙasa da ruwa a jikinsa. Sai dai su cunkushe su yi sama. Tsayi ya samu, ƙofa ba ta samu ba.

Irin abin da ke faruwa a Andes yana faruwa kusan duk kewayen tekun Fasifik, daga Chile zuwa Alaska, zuwa Japan, Filifin da Indonesiya. Shi ya sa ake kiran yankin Zoben Wuta. Dutse yakan narke kuma inda farantai ke rabuwa, domin nauyin da ke danne shi ya ragu. Abin da ke faruwa ke nan a gabashin Afirka, inda nahiyar take tsagewa sannu a hankali, daga Habasha har Tanzaniya. Akwai kuma wuraren da zafi ke tasowa daga can ƙasa a tsakiyar faranti, kamar Hawai.

Dangantakar ba ta tsaya nan ba. Idan dutse mai aman wuta ya mutu, ruwan sama yakan cinye shi. Toka da tarkacen da suka taru su zaizaye. Amma narkakken dutsen da ya daskare a cikin maƙogwaronsa ya fi tauri, sai ya rage a tsaye, miƙe sambal. Wanda ya je Wase a jihar Filato ya ga irinsa. Dutsen Wase maƙogwaron tsohon dutse mai aman wuta ne. Haka tsinannukan duwatsun Rhumsiki a tsaunukan Mandara, arewacin Kamaru, daf da iyakar Najeriya. Daga nesa Wase da Zuma kamar dangi ɗaya. Tarihinsu daban.

Kuzar Jos ma tana cikin labarin. Wasu daga cikin duwatsun Filato saiwoyin tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne, waɗanda suka yi zamaninsu fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. Samansu ya tafi, gindin ya rage, kuma a jikin gindin ne kuza ta taru, wadda ta jawo kamfanonin Turawa da dubban ma'aikata daga ƙasar Hausa tun farkon ƙarni na 20. Irin waɗannan saiwoyi a jere suke, daga tsaunukan Azbin a arewacin Nijar, su biyo ta Damagaram, su sauko Jos. Na Azbin ne mafi tsufa, na Jos ƙannensu.

Kuma ku sani, aman wuta yakan gina tsauni, yakan kuma rushe shi. A Amurka, ranar 18 ga Mayu 1980, Dutsen Saint Helens ya fashe ta gefe. Cikin safiya ɗaya ya rasa kimanin mita 400 na tsayinsa, mutum 57 suka rasu. A Tanzaniya, Ngorongoro a da babban tsauni ne. Ya amayar da abin da ke cikinsa, ƙarƙashinsa ya zama kogo, sai ya rufta. Yau ƙaton kwari ne mai zurfin kimanin mita 600, zakuna da giwaye suna yawo a ciki.

To, jama'a, mun zo kashi na huɗu, kuma ina roƙon ku ba ni kunnuwanku sosai. Akwai aman wutar da ba shi da tsauni.

A ƙasar Aislan, a 1783, ƙasa ta tsage tsawon kimanin kilomita 27 a wani wuri da ake kira Laki. Wata takwas laba tana kwarara. Iskar guba ta lalata ciyawa, dabbobi suka mutu, yunwa ta biyo baya, kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar suka rasu. Babu wani dogon tsauni da ya yi wannan aiki. Tsaga ce a ƙasa.

Alhazanmu da suka bi hanyar mota tsakanin Makka da Madina sun ga filayen baƙaƙen duwatsu, shimfiɗe har iya ganin ido. Larabawa suna kiran irin wannan fili harra. Daskararriyar laba ce. A shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, bayan kwanaki ana girgizar ƙasa, tsaga ta buɗe a kudu maso gabashin Madina, a filin da ake kira Harrat Rahat. Kwana 52 tana amai. Laba ta yi tafiyar kimanin kilomita 23, ta tsaya kafin ta iso birnin. Malaman tarihi na zamanin sun rubuta labarin.

Amma wanda ya fi kusa da mu, ya kuma fi taɓa zuciya, shi ne na Tafkin Nyos a arewa maso yammacin Kamaru.

Tafki ne mai kyau, a kwance lumui a tsakanin tuddai masu ciyawa. Manoma suna noma a kwarin da ke ƙasa, Fulani suna kiwo a kan tudu. Wanda ya gan shi ba zai kawo komai a ransa ba. Amma ramin da ruwan ya taru a ciki bakin tsohon aman wuta ne, zurfinsa kimanin mita 200. Can ƙasa, magma tana sakin iskar kabon-dayoksaid, wato irin iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi. Iskar tana shiga ruwan ƙasan tafkin tana narkewa a ciki, nauyin ruwan sama yana danne ta. Shekara da shekaru tana taruwa.

Daren 21 ga Agusta 1986, ta kuɓuce gaba ɗaya. Wannan iska ba ta da launi, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi. Don haka ba ta yi sama ba. Gangarowa ta yi, ta bi kwari, ta shiga ƙauyukan Nyos da Cha da Subum, ta kore iskar numfashi. Mutane suna kwance a ɗakunansu. Wasu sun ji ƙara sun fito, suka faɗi a ƙofar gida. Da gari ya waye, ɗakuna suna tsaye, bishiyoyi suna tsaye, ruwan tafkin ya koma ja. Mutum 1,746 sun rasu. Dabbobi kimanin 3,500 suna kwance a makiyaya. Babu wuta, babu laba, babu toka.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, shekara biyu kafin nan, a 1984, wani tafkin a Kamaru mai suna Monoun ya yi irin wannan, ya kashe mutum 37. Gargaɗi ya zo, ba a gane shi a kan lokaci ba. Idon mutane yana kan tsauni mai hayaƙi, haɗarin kuwa yana kwance a cikin ruwa. Sai a 2001 aka kafa bututu a Tafkin Nyos, yana zuƙo ruwan ƙasa yana fesowa sama domin iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. A 2011 aka ƙara wasu biyu. Ga wanda ke zaune kusa da irin wannan tafki, shawarar masana guda ce: in ka ji ƙara daga ruwan, ko ka ga dabbobi suna faɗuwa ba dalili, ka hau tudu. Kada ka bi kwari. Ka hau tudu.

Nyos ba shi kaɗai ba ne. Yana cikin wani jeri da masana ke kira Layin Kamaru. Ya faro daga tsibiran da ke cikin teku, Sao Tome da Bioko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru, ya bi ta tuddan yamma da na Adamawa, reshensa ya kai Mandara da Biu a jihar Borno. Dutsen Kamaru ya haura mita 4,000, kuma da ransa. Ya yi amai a 1999, laba ta gangaro ta datse hanyar mota ta bakin teku kusa da Bakingili, yamma da Limbe. Ya sake a 2000. Tudun Biu kuwa shimfiɗar daskararriyar laba ce, da ƙananan tuddai masu loɓaɓɓen kai, Tafkin Tila yana zaune a bakin ɗaya daga cikin ramukan. A Filato akwai irinsu wajen Panyam da Kerang. Wajen wannan jeri kuma, a arewacin Cadi akwai Emi Koussi, fiye da mita 3,400, mafi tsayi a duk Sahara. A Darfur ta Sudan akwai Jabal Marra, da tafkuna biyu a cikin bakinsa.

Masana sukan kasa duwatsu masu aman wuta gida uku: mai rai, mai barci, da matacce. Na Biu da na Filato babu wanda tarihi ya rubuta amansa. Amma a sani, barci daban, mutuwa daban. Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi kimanin shekara 500 shiru, daji ya rufe shi, mutane suna zaune a jikinsa. A watan Yuni 1991 ya fashe, tokarsa da iskarsa suka rage zafin duniya da kimanin rabin digiri. Sai dai a wannan karon masana sun sa masa ido tun watanni kafin nan. Sun ga ƙananan girgizar ƙasa suna ƙaruwa. Sun auna iskar da yake fitarwa. Sun ga jikinsa yana kumbura. Aka kwashe dubun dubatar mutane kafin ranar, rayuka dubbai suka tsira.

Wani zai ce, to me ya zaunar da mutane a irin waɗannan wurare? Ƙasar noma. Toka da laba in suka ruɓe suka zama ƙasa, albarkarsu ba ta misaltuwa. Gindin Dutsen Kamaru gonakin ayaba ne da kwakwar manja da shayi. Jabal Marra ya yi suna da lemo. Birnin Goma na Kwango yana zaune a gindin Nyiragongo. A Janairu 2002 laba ta ratsa tsakiyar birnin har ta faɗa Tafkin Kivu, dubban ɗaruruwan mutane suka gudu. Suka dawo, suka sake gini a kan baƙin dutsen. A Mayu 2021 ya sake amai. Ba za a ce wa manomi ya bar gonarsa, ko ɗan birni ya bar garinsu ba. Abin da ya wajaba a kan hukumomi shi ne su ajiye na'urori, su biya masu lura da su, kuma in gargaɗi ya zo, a isar da shi cikin harshen da mutane ke ji, ta rediyo irin wannan da kuke saurara.

Lokaci ya cim mana. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.